Hammawa da Rigar da Aka Ninke

Cikakken sunansa Hammawa Siddiƙu Bello, kuma mun haɗu a watan Fabrairu na shekarar 2011, a ajin yaƙi da jahilci da ake yi da yamma a wata makarantar firamare ta cikin garin Lafiya. Ina da shekara arba'in da bakwai a lokacin, shi kuwa ya girme ni da uku. Benci ɗaya muka zauna, gwiwoyinmu na tokare da teburin da aka yi domin yara. Ni na zarce har na kai ga rubuta wannan da hannuna. Shi ya tsaya a inda zai iya karanta sunan maganin shanu da ranar lalacewarsa a jikin kwalba, ya ce abin da ya kawo shi ke nan, ya yi wa malamin godiya, bai sake komowa ba. Amma ba mu rabu ba, domin kowace Alhamis yakan shigo kara, wato kasuwar shanu, kuma rumfar da nake sayar da igiya da kanwa tana bayan masallacin da yake sauraron tafsiri. Abin da ke nan daga bakinsa na ji shi, wani kuma a gabana aka yi.

Dogo ne, siriri, mai ƙarancin magana. Bafulatani ne da ya daina tashi tun da daɗewa, ya kafa ruga ta ɗakunan kwano a yankin Adogi, shi da matarsa Goggo Hafiza da 'ya'yansu. Babbansu Abdulbaƙi, saurayi mai shekara ashirin da huɗu, shi ke riƙe da garken. Kamar yadda al'adarsu take game da ɗan fari, Hammawa bai taɓa kiran sunan nan da bakinsa ba. “Wancan” yake cewa, ko “mai shanun”. In suka haɗu a hanya sai ya kau da kai kamar bai san shi ba, alhali tun daga nesa ya gama ƙare masa kallo, ya ga ko ya rame ko bai rame ba.

Hayin rafi akwai gidan Torkula, manomin doya ɗan ƙabilar Tibi. Shekara ashirin ke nan suna da tsari ɗaya: in an girbe dawa, shanun Hammawa su shiga gonar Torkula su ci kara su bar taki, in an haƙi doya, Torkula ya aiko da ita, Goggo Hafiza kuma ta aika wa matarsa Hembadoon da man shanu. Tsakanin Fulani da Tibi akwai tsohon wasa, wai kakannin Fulani sun ba kakannin Tibi kiwon shanu, suka cinye. Saboda haka gaisuwar mutanen nan biyu ba ta canzawa. Hammawa ya murtuke fuska ya ce, “Torkula, ina saniyata?” Torkula ya shafa ciki ya ce, “Na cinye shi, Ardo, har ƙaho.” Hammawa ba ardo ba ne, tsokana ce kawai. Daga nan sai a tambayi lafiyar iyali.

Damina ta 2022 ta zo da ruwa mai yawa, kuma shekarar ba ta da daɗi tsakanin makiyaya da manoma. Ana jin labarai daga nesa, kowa yana kwana da kunne ɗaya a buɗe. Ranar Talata, sha uku ga Satumba, gab da magariba, garken Hammawa ya shigo ruga shi kaɗai. Shanun sun jiƙe har doro. Babu Abdulbaƙi a bayansu, babu kuma Wule, wata saniya mai farin goshi da ke da tsohon ciki.

Da gari ya waye maza suka bazu nema. Wanda ya jagorance su Mu'awiya ne, ɗan wan Hammawa, wanda ya taso daga wajen Bauchi shekara uku da suka wuce, bayan ya rasa ƙanensa da rabin shanunsa a wani rikici. Da hantsi ya dawo, ya durƙusa a gaban Hammawa, ya ajiye sanda da takalman roba da wata shuɗiyar riga.

“Baffa, a kan dutse na same su, a bakin gonar abokinka. Da muka gangara ƙarshen gonar kuma muka ga jini. Ba jinin kaza ba ne, ƙasa ta sha har ta yi baƙi. An kuma ja wani abu mai nauyi zuwa wajen gidajensu.”

Hammawa bai iya duban rigar ba. Goggo Hafiza ce ta fito, ta ɗauke ta da hannu biyu, ta shige ɗaki.

Ranar Alhamis da safe abin ya ƙara muni. Wani ɗan acaba, Bakano, da ya kwashi Hembadoon da jikokinta zuwa Obi, ya zo da kansa har ruga. Ya ce yana ɗaure kaya ya ji wani maƙwabci yana tambayar Torkula dalilin kwashe iyali, ya kuma ji amsar da kunnensa, da Hausa. Mu'awiya ya ce ya maimaita a gaban dattijo, kalma bayan kalma.

Ɗan acaban ya sunkuyar da kai. “Cewa ya yi, ‘Na same shi a gona na, shi ya kwanta, shi yana numfashi, ni na yanka shi. Yanzu Fulani za su zo.’ Wallahi ban ƙara ba, ban rage ba.”

Samarin da ke tsaye ba wanda ya yi motsi. Mu'awiya ya ce, cikin murya ƙasa-ƙasa, “Ka ji, Baffa. Ya faɗa da bakinsa, ya kuma gudu da matansa. Na aika wa 'yan'uwa. Gobe ana idar da sallar Juma'a a Adogi za mu haye rafin.”

“Ku haye ku yi me?”

“Abin da aka yi mana.”

“Akwai tsofaffi a gidajen nan.”

“Ƙanena ma da aka kashe yana da uwa tsohuwa.”

Hammawa ya ce a ba shi lokaci ya ga Ardo, wanda shi kaɗai ne samarin ba sa tsallake maganarsa. Mu'awiya ya ce, “Ka gan shi, Baffa. Amma Juma'a ba ta matsawa.”

Ya hau babur zuwa Lafiya. A gidan Ardo aka ce masa ya yi tafiya, sai Asabar, wayarsa kuma ba ta shiga. Ya fito ya tsaya a bakin titi, motocin doya na wucewa, bai san inda zai nufa ba. Abin da ya fi ci masa rai, kamar yadda ya gaya mini daga baya, ba samarin ba ne. Zuciyarsa ce. Rabinta na son a hana su, rabinta kuwa na son su tafi, har tana nuna masa rufin gidan Torkula yana ci da wuta, tana jin daɗin abin. Ya tuna doyar da ya ci shekara ashirin, ya ji kamar ta dawo masa wuya.

Ƙafafunsa ne suka kai shi kara, don sun saba. An idar da la'asar, an shimfiɗa tabarmi a masallacin bayan rumfata. Malam Safiyullahi, mai tafsirin, tsoho ne da ba ya gaggawa. 'Yan kara na yi masa tsiya cewa a yadda yake tafiya jikokinsu ne za su ga sauka. Labarin ya riga ya iso gare shi. Da ya ga Hammawa ya zauna a can gefe, sai ya dafa kafaɗar Alaramma Ni'imatullahi, mai ja masa baƙi, ya ce a bar inda aka tsaya makon jiya, a koma baya, a ɗauko ƙissar Annabi Yakubu, ranar da 'ya'yansa suka zo masa da rigar ƙanensu.

Alaramma ya ja, Malam ya saurara ido a rufe, sa'an nan ya ce:

“Ku dubi tsohon nan. An kawo masa rigar ɗansa da jini, manyan 'ya'yansa suna kuka a gabansa, suna cewa kerkeci ya cinye shi. Ga shaida, ga masu shaida, ga hawaye. Da ɗayanmu ne, da tuni ya ɗauki kwari da baka ya shiga daji neman kerkeci. To, masu tafsiri suka ce abin da ya fara yi shi ne ya karɓi rigar, ya juya gabanta, ya juya bayanta. Bai ga inda ta yage ba. Wane irin kerkeci ne wannan mai ladabi, da zai ci yaro ya bar riga lafiya? Sai bayan ya duba ne ya ce zai yi haƙuri mai kyau. Ku lura da jerin. Mu a nan in an ce mutum ya yi haƙuri, muna nufin ya rufe ido ya haɗiye. Shi ido buɗe ya yi nasa. Baƙin ciki bai hana shi duba riga ba.”

Shekara goma sha ɗaya Hammawa yana zama a wannan majalisi bai taɓa buɗe baki ba. Ranar sai muka ji muryarsa.

“Allah ya gafarta Malam. Shi Annabin, ya yi kuka?”

“Har idanunsa suka yi fari.”

“Ya kira sunan yaron?”

“Da bakinsa, a gaban kowa, har suka ce masa zai halaka kansa da ambatonsa.”

“Kuma ba a ce haƙurinsa ya karye ba?”

“Ba a ce ba. Ya san inda zai kai kukansa. Bai kai wa mutane ƙara ba, bai ɗora wa wanda bai tabbatar ba. Ya ce damuwarsa da baƙin cikinsa wajen Ubangijinsa yake kai su.”

Hammawa ya gyara zama. Sai ya ce, “Shi nasa ɗan ya dawo masa. Nawa fa?”

Malam Safiyullahi ya juyo ya fuskance shi. “Wannan ban sani ba, Hammawa, kuma ba zan yi maka ƙarya a kan tabarmar nan ba. Shi ma a ranar bai sani ba, shekaru ya yi bai sani ba. Abu ɗaya ya sani, wanda ya bar wa ajiyar ba ya tozarta ajiya, ko ya mayar maka a nan ko ya riƙe maka a can. Ka je ka duba abin da aka kawo maka.”

Ranar Juma'a, rana na fitowa, Hammawa ya tsaya a ƙofar ɗakin matarsa ya ce ta miƙo masa rigar. Ta fito da ita daga ƙarƙashin matashi.

“Haka aka kawo ta?”

“Haka. Ban buɗe ba.”

Ya zauna a kan turmi ya ɗora ta a cinya. A ninke take. An mayar da hannuwan ciki, an naɗe daga ƙasa zuwa wuya, an cusa wayar Hammawa, wadda yaron ke fita kiwo da ita, a tsakiya don kada raɓa ta taɓa ta. Ya warware a hankali. Maɓallan duk a ɓalle suke ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tsinke. Babu jini, babu yaga, babu ko taɓo. Ya san ninkin nan, don shi ya koyar da shi, a bakin wannan rafin, lokacin yaron bai kai tsawon sanda ba: in za ka shiga ruwa, ka ninke riga, ka ɗora a kan dutse, takalmi a sama, sanda ta danne. Wanda aka far wa ba ya tsayawa ɓalle maɓalli. Ɗansa da ƙafarsa ya shiga ruwa. Kuma abu ɗaya ne zai sa makiyayi ya bar garke ya shiga rafin da ya cika ya batse.

Wule. Mai tsohon ciki, wadda ba za ta iya yanke igiyar ruwa ba.

A nan ne ya ji ƙarfinsa ya tafi, domin rigar ba albishir ta yi masa ba. Kwana uku yana riƙe da wani ɗan zato cewa ko an kama shi ne an ɓoye a wani wuri. Rigar ta ƙwace wannan. Ya daɗe yana kallon ta. Sa'an nan maganar ɗan acaba ta dawo masa, kuma wannan karon da muryar Torkula ya ji ta, ba da ta Bakanon ba. Na same shi. Na yanka shi. Ya ji wata muryar a bayanta, mai dariya, wadda ya ji fiye da sau dubu: na cinye shi, Ardo, har ƙaho. A bakin Torkula, saniya ma “shi” ce.

Ya tashi. Goggo Hafiza ta miƙo masa sandarsa, ya girgiza kai.

“Bafulatani zai shiga gidan Tibi ba sanda, a irin wannan rana?”

“Saboda ranar ce.”

“In ba ka dawo ba fa?”

“Ki ce wa Mu'awiya na hana, da raina ko ba raina.”

Ruwan ya ɗan janye, ya haye ta mashigin sama, yana kai masa ƙugu. Tun daga cikin gonar doya ya ga gidajen sun canza. Ba hayaƙin girki, ba kukan yara, an kwashe awaki. A ƙarƙashin mangwaron tsakar gida maza kusan goma ne zaune, adduna a gefensu, biyu da baka. Da suka hango shi duk suka miƙe. Terseer, babban ɗan Torkula, wanda tare suka taso da Abdulbaƙi, ya tare hanya, idanunsa na duba bayan Hammawa don ganin su nawa ne.

“Baba, tsaya nan.”

Hammawa ya tsaya, ya buɗe tafukansa biyu. “Ni kaɗai ne. Kira mini ubanka.”

Torkula ya fito daga bayan rumbu. Kwana uku sun mayar da shi tsoho. Wandonsa jiƙe yake da laka har cinya, ƙafafunsa duk karce. Suka tsaya da tazarar taku biyar, ba wanda ya miƙa hannu. Wani daga cikin masu baka ya ɗora kibiya, bai ja ba.

Duk wata tambaya da Hammawa ya shirya a hanya, in ta fito, zargi za ta zama, kuma zargi ɗaya ya isa a ja kibiyar. Sai bakinsa ya ɗauko abin da ya saba.

“Torkula, ina saniyata?”

Torkula ya dube shi. Bai shafa ciki ba. Ya ce, “Na yanka shi, Ardo.”

Hammawa ya rufe ido.

“Ruwa ya kawo shi ƙarshen gona na,” in ji Torkula. “Ƙafa biyu ya karye, ciki ya fashe, shi yana kuka. Ni ba na iya kallo. Na yanka shi. Na kira waya naka, na kira, na kira, ba ya shiga.”

“Wayar tana cikin rigar yaron.”

“Da na ji yaro bai dawo ba, na ce yanzu na mutu. Jini a gona na, saniya a gida na. Wa zai ji magana na?” Ya juya ya yi wa Terseer magana da harshensu, aka shiga wani ɗaki aka fito da fata a shanye da gishiri, ga farin goshin nan a jikinta. “Nama yana ciki, an yi banda. Ko yaro bai taɓa ba.”

Mai bakan ya sauke kibiyarsa. Amma Torkula bai matso ba, ya tsaya yana murza hannuwa, yana duban ƙasa.

“Akwai saura,” in ji Hammawa. Ba tambaya ba ce.

“Tun Laraba ni da Terseer muna bi rafi. Yau da safe mun same shi. Wannan karo shi nake nufi, Ardo.”

Tafiyar ta kai rabin sa'a, ta cikin gamba da laka, zuwa inda rafin ya yi kwana, saiwoyin wani babban itace suka shiga ruwa. Sun riga sun jawo shi kan tudu, sun lulluɓe shi da sabon zanen Hembadoon, sun danne gefuna da duwatsu, wani dattijo na zaune nesa kaɗan yana gadi. Torkula ya ce ba su san yadda Musulmi ke yi ba, sun kuma ji tsoron a gan su ɗauke da shi. Hammawa ya durƙusa, ya ɗaga gefen zanen. A hannun dama har yanzu akwai guntun igiya a naɗe, irin wadda ake zarga wa saniya a ƙaho.

Ya mayar da zanen. Ya ɗora tafinsa a kai. Mutanen Tibin suka ja baya, suka juya fuska. Shekara ashirin da huɗu sunan yana bayan haƙoransa, ranar ya fito.

“Abdulbaƙi,” ya ce. Ya sake faɗa. Sa'an nan ya ɗaga kai ya yi magana da Fulatanci, ba da kowa da ke wurin ba, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Ya gaya mini bai ji nauyin ya ragu ba, amma ya ji an kama masa ɗaya gefen.

Terseer ne ya dubi rana ya ce, “Baba, sun kusa shiga masallaci.”

Hammawa ya miƙe. Ya ce Torkula ya zo su tafi tare. Mutanen gidan suka ƙi, suka ce wannan kai mutum mahauta ne. Torkula ya dubi abokinsa ya ce, “In sun sare ni fa?” Hammawa ya ce, “Sai sun fara da ni, kuma ni siriri ne, ba zan tare maka da yawa ba.” Torkula ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, suka koma gida ya naɗe fatar, Hammawa ya ja babur ɗin Terseer, shi kuma ya hau baya.

Sun isa Adogi ana sallamewa. Samarin ba su watse da jama'a ba, sun taru a bayan masallaci wajen baburansu, su fi ashirin, wasu baƙin fuska ne, kowa da abin da ya naɗe a buhu. Da suka ga wanda ke bayan Hammawa sai duk suka juyo. Mu'awiya ya fito gaba.

“Baffa, ka kawo mana shi ne?”

“Na kawo shi. Ina mai acaban?”

Aka turo shi. Hammawa ya sa ya maimaita abin da ya ji, ya maimaita. Ya juya ga Torkula ya ce, “Ka faɗi haka?” Torkula ya ce, “Na faɗa.” Aka ji ƙarar ƙarfe a cikin wani buhu. Hammawa ya matsa ya tsaya a gabansa sosai, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

“Torkula, ina matarka Hembadoon?”

Torkula ya dube shi da mamaki. “Shi ya tafi Obi. Shi da yara.”

“Uwarka fa, tsohuwa?”

“Shi yana gida, shi ba ya iya tafiya.”

Hammawa ya karɓi fatar, ya warware ta a ƙasa, farin goshin ya fito. Ya ciro shuɗiyar rigar daga cikin tasa, ya miƙa wa Mu'awiya.

“Kai ka ɗauko ta. A yage ka same ta ko a ninke?”

Mu'awiya ya ce, “A ninke.”

“Takalmi a sama, sanda ta danne?”

“Haka ne.”

“Kai makiyayi ne. Faɗa musu abin da wannan ke nufi.”

Bai faɗa ba, amma duk wanda ke wurin ya taɓa haye rafi da garke. Wani dattijo ɗan garin, da ya tsaya kallo, ya ce, “Ai mu nan Lafiya kowa shi ne, har amarya.” Ba wanda ya yi dariya. Ɗan acaban ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Mu'awiya bai sauka da sauƙi ba. Ya ce, “Fata ba gawa ba ce, Baffa. Ina ɗan'uwana?”

“Abdulbaƙi yana kwanar rafi,” in ji Hammawa, kuma jin sunan daga bakinsa ya sa samarin rugar suka sunkuyar da kai. “Igiyar Wule na hannunsa. Mutumin nan da ɗansa suka yi kwana biyu cikin laka suna nemansa, lokacin da mu muke wasa adda. Zanen matarsa ne a kansa. Kun ce za ku haye rafi bayan Juma'a, to ku zo mu haye. Ku bar buhunan nan wajen liman, ku ɗauko makara.”

Mu'awiya ya dubi rigar da ke hannunsa, ya dubi Torkula. Sa'an nan ya juya, ya kwance buhun da ke bayan babur ɗinsa, ya kai ƙofar masallaci ya ajiye. Sauran suka bi, ɗaya bayan ɗaya, ban da baƙi uku da suka tada baburansu suka tafi.

Kafin la'asar aka rufe shi a bayan ruga. Mutanen Torkula sun tsaya daga nesa, huluna a hannu. Ranar sadakar uku Hembadoon ta dawo daga Obi, ta shiga ɗakin Goggo Hafiza, suka zauna yini guda, ba Hausar kirki tsakaninsu, ba su kuma neme ta ba. Da Torkula ya tambayi yadda za a yi da naman bandan, Hammawa ya ce su ci, ya ƙara da cewa, “Wannan karon kam ina da shaidu.”

Bai koma yadda yake ba. Ya rame, garken ya koma hannun ƙanen marigayin, kuma Goggo Hafiza ta ce har yau in shanu suka shigo da yamma yakan dubi bayansu. Mu'awiya ya kwashe nasa shanun ya yi kudu bayan damina, bai yi sallama da kowa a hayin rafi ba. Amma da aka girbe dawa, garken Hammawa ya shiga gonar Torkula kamar kullum. Alhamis kuwa ba ta wuce shi. Ya matso daga gefe zuwa sahun gaba, yana kuma yin tambaya, har Malam Safiyullahi ya ce tun da Bafulatanin nan ya sami baki tafsirin ya ƙara nawa.

Na taɓa tambayarsa ko zuciyarsa ta kwanta. Ya ce ba ta kwanta ba, amma ta daina gudu. In abin ya taso masa yakan fita bayan ruga, ya kira sunan, ya gaya wa Mai ajiyar, ya dawo ya ci tuwo. Rigar tana ƙasan akwatinsa, a ninke yadda mai ita ya bar ta.

Zuwansa na baya ya sayi igiya biyu a rumfata, ya ce ƙafa ta fara ba shi wahala, hanyar Adogi kuma ta yi masa tsawo, wataƙila sai dai a riƙa ɗauko masa karatun a waya. Na raka shi har inda masu babur ke tsayawa. Rabona da shi ke nan, ranar Alhamis, 14 ga Nuwamba, 2024.